Kyamara mai dogon zuƙo: wacce za ka saya, kuma don wane aiki?

Duk wanda ya taɓa tsayawa cikin cunkoson Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe yana ɗaga waya sama ya san irin hoton da ake komawa gida da shi. Ƙeyar mutumin da ke gabanka ta fito tangaran, dawaki da rawunan hakimai kuwa sun zama dunƙulen launi. Daga nan mutane da yawa ke fara cigiyar kyamara mai jawo nesa kusa. Wasu kuma aiki ne ya kawo su: mai duba gini da ke son ganin tsagewa a hawa na uku ba tare da tsani ba, mai haɗa sola da ke son nuna wa mai gida halin da farantan kan rufi suke ciki, ɗan jarida da aka tsayar can bayan igiya, malamin gona da ke bin tsuntsayen da ke cin gero.

Kyamarar da nake nufi ita ce mai kama da ta masu ɗaukar hoton biki, amma gilashinta a manne yake, ba a cire shi a sa wani. Na daɗe ina aiki da irinta kuma ina son ta. Sai dai yawancin masu saye suna kallon lambar da ba ita ya kamata su fara kallo ba.

Lambar nan da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali, 40x ko 60x ko 83x, ba ita ke faɗa maka iya nisan da kyamara za ta kai ba. Lissafi ne kawai na ninki tsakanin inda gilashin ya fara da inda ya ƙare. Panasonic Lumix FZ80, wadda a Turai ake kira FZ82, tana da 60x: ta fara daga milimita 20 ta ƙare a 1200. Tsohuwar Canon PowerShot SX50 HS ta 2012 tana da 50x: ta fara daga 24 ta ƙare a 1200. Ka ga ke nan nisansu ɗaya. Fifikon FZ80 yana ta ɓangaren faɗi ne, wato tana kwaso ɗaki ko aji gaba ɗaya ko da wurin ya matse. Don haka ka nemi lambobin milimita biyun nan, ƙaramar tana nuna faɗi, babbar tana nuna nisa, su ne gaskiyar magana. Kuma ka tabbata zuƙon na gilashi ne, wanda za ka ga hancin kyamarar yana fitowa yana komawa. Akwai wasu kyamarori marasa sunan kamfani da suka cika shagunan intanet, an rubuta musu 4K, wato bidiyo mai tsananin tsabta, da megafiksel 48 da zuƙo 16x, amma hancinsu ba ya motsi. Yanka hoton kawai suke yi su kumbura shi, abin da wayarka ta riga ta iya. Kada ka ba su ko sisi.

Abin da ya fi kowace lamba muhimmanci shi ne ɗan faifan da haske ke sauka a kansa a cikin kyamarar, wanda ake kira sensa. Kusan duk masu arahar nan sensarsu ɗaya ce a girma, wadda ake rubutawa 1/2.3, kimanin milimita 6 a tsawo da 4 da rabi a faɗi, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Ƙanƙantarta ce ta sa aka iya cusa zuƙo mai nisa haka a abin da za ka rataya a wuya, kuma ita ce dalilin arahar. Amma ƙaramar sensa haske kaɗan take kamawa. Da rana tsaka a fili hoton zai ba ka mamaki. Da an yi magariba, ko an shiga zaure ko ɗakin taro mai ƙwan fitila biyu, sai hoton ya cika da ɗige-ɗige kamar an watsa masa yashi, fuskoki su laɓe. Yawan megafiksel ba ya maganin wannan. Sau da yawa ma mai 12 ta fi mai 20 tsabtar hoto a duhu, tunda gona ɗaya ce aka raba wa magada kaɗan.

Sai kuma buɗewar idon gilashin, lambar da ke biyo bayan harafin f. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. FZ80 tana farawa da f/2.8, amma idan ka zuƙo har ƙarshe ta tsuke zuwa f/5.9, hasken da ke shiga ya ragu fiye da ninki huɗu. Wato daidai lokacin da ka fi buƙatar haske, don ƙaramar rawar hannu a milimita 1200 ta isa ta ɓata hoto, lokacin ne kyamarar ke rage shi. Wannan shi ya sa nake cewa kyamarar rana ce. Mu kuwa Allah Ya hore mana rana, saboda haka ta dace da mu fiye da yadda ta dace da mutanen Ingila. Amma idan aikinka kamun amarya ne ko dina da dare, ba nan za ka sa kuɗinka ba. Ka nemi tsohuwar Nikon D3200 ko Canon 600D ta hannu, waɗanda sensarsu ta ninka wannan sama da sau goma.

Idan aka ce in zaɓa wa mutum guda ɗaya ban san aikinsa ba, FZ80 zan ce. Ta fito a 2017, tana ɗaukar bidiyo 4K, tana da tagar leƙe da ake kanga ido, tana ajiye ɗanyen hoto da ake kira RAW ga mai son gyara a kwamfuta, kuma ana cajinta ta igiyar USB, wato fawa bank ya wadatar idan babu wuta. A 2024 Panasonic ta sake fito da ita da suna FZ80D, da mashigar caji irin ta wayoyin yanzu. Aibinta biyu ne: allon bayanta a kafe yake ba ya juyawa, kuma babu inda za ka soka makirfo. Mai son ɗaukar hira zai ji wannan rashin.

Amma wadda zuciyata ta fi kwantawa da ita ƙanwa ce a lambar zuƙo, yaya a aiki: Lumix FZ300, ko FZ330 a Ingila, ta 2015. Zuƙonta 24x ne kacal, daga 25 zuwa 600, megafiksel 12. A kan takarda sai ka ce an ci baya. To amma idonta yana nan a f/2.8 daga farko har ƙarshen zuƙo, ba ya tsukewa. Wannan na nufin da la'asar sakaliya, lokacin da ƙura ta tashi kuma dawaki ke sukuwa, tana iya daskarar da motsi a inda sauran suka fara jan hoto. Allonta yana juyawa ko ta ina, tana karɓar makirfo. Sannan, kuma wannan ne babba a wurina, an toshe gaɓoɓin jikinta don hana ƙura da yayyafi shiga. Wanda ya taɓa fita da kyamara cikin hunturu ya san darajar wannan. Hancin irin waɗannan kyamarori yana fita yana shiga kamar zugazugi, kowane shiga yana iya jan ƙura ciki, kuma tunda ba a cire gilashin, ɗigon da ya sauka kan sensa sai mai gyara ya warware kyamarar kafin ya fita. Na yi asarar wata kyamara ta haka bayan tafiya ɗaya a bayan babur a watan Janairu. Tun daga ranar, duk hoton da sararin sama ya fito a ciki sai ka ga baƙin tabo a kusurwa. Milimita 600 kuwa ta ishi kusan duk aikin gini, taro, wasan makaranta da filin ƙwallo.

Canon SX70 HS ta 2018 tana tsakiya: 65x, daga 21 zuwa 1365, allo mai juyawa, mashigar makirfo, 4K. Launin fatar mutum a hotunan Canon yana da daɗin kallo kai tsaye ba sai an gyara ba, a ganina. Sai dai takan fi FZ80 tsada, kuma idonta ya fi tsukewa. Idan ka samu yayyenta, SX60 ko SX50, da lafiyarsu, ciniki ne mai kyau. Haka ma Sony HX400V ta 2014 mai 50x, kodayake ba ta ajiye RAW.

Su kuma Nikon P900, P950 da P1000 wani jinsi ne daban. P900 ta 2015 ta kai milimita 2000, P1000 ta 2018 ta kai 3000, har ramukan jikin wata za ka gani. Ga mai bin tsuntsaye a dausayin Hadeja da Nguru, ko mai son ɗauko giwa a Yankari ko raƙumin dawa a Kure ta Nijar ba tare da ya matsa musu ba, babu kamarsu a farashinsu. Amma P1000 ta kusa kilo ɗaya da rabi, kuma a ƙarshen zuƙonta ba ta riƙuwa da hannu yadda ya kamata, sai da maɗori mai ƙafa uku. Ga kuma abin da kwali ba zai faɗa maka ba: tsakaninka da abin da ke nisan kilomita akwai iska, kuma iskarmu da rana tana rawa. Kawalwalniyar da kake gani a kan kwalta, ita kyamarar za ta ninka maka, ga hazo a kai. Hoton nesa mai kyau da sassafe ake samunsa, ko bayan an ɗauke ruwa. Don aikin yau da kullum, wannan nauyi da kuɗi sun yi yawa.

A can ƙasan farashi akwai masu cin batir ɗan yatsa guda huɗu: Nikon B500 mai 40x, Sony H300 mai 35x, da wasu daga cikin Kodak Pixpro irin su AZ405. Amfaninsu a bayyane yake ga wanda ke aiki a ƙauyen da babu lantarki, don duk kantin da ka shiga akwai batir. Sai dai batirin tocila mai araha ba ya ɗaukar su, hoto kaɗan zai mutu. Ka sayi masu caji, jeri biyu, da cajarsu, ka sa wannan cikin lissafi tun farko. Babbar matsalarsu ita ce ba su da tagar leƙe. A ranar Sakkwato ko Maiduguri allon baya ba ya ganuwa, sai ka riƙa ɗauka da ka. Sannan kanga kyamara a ido yana ƙara mata wurin jingina na uku bayan hannaye biyu, abin da ke rage rawa sosai idan an zuƙo. A cikinsu B500 na fi yarda da ita, allonta yana ɗagawa kuma tana tura hoto waya. H300 da Canon SX420 IS, wadda ita ba ta cin batir ɗan yatsa, tsohuwar fasahar sensa gare su, bidiyonsu bai wuce 720 ba, kuma suna da nawa wajen kama abin da ke motsi.

Wanda aljihunsa ya ɗan fi nauyi kuma aikinsa na kai shi cikin ɗakuna, ya duba Lumix FZ1000 ta 2014. Zuƙonta 16x ne, ya tsaya a 400, amma sensarta ta ninka ta sauran sau huɗu, kuma za ka ga bambancin a hoton farko da ka ɗauka a inuwa.

Galibin waɗannan yanzu na hannu za ka samu, ko a Computer Village ta Ikeja, ko Banex a Abuja, ko wurin masu kawo kaya a Kano, ko a intanet. Ban kawo farashi ba don kuɗin na bin dala ne, na yau daban na gobe daban. Kada dai ka yi cinikin biri a sama. Ka je da memorinka. Ka kunna ka kashe sau biyar, ka zuƙo har ƙarshe ka dawo sau goma kana saurare: idan ka ji ƙarar gurzawa ko hancin ya tsaya yana shakka, ajiye ta, don gyaran hanci yakan kusa kuɗin kyamarar. Ka zuƙo ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton a waya ka nemi tabo. Ka haska tocila cikin gilashin ka duba ko akwai funfuna mai kama da saƙar gizo, wadda kan kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima. Ka buɗe gidan batir ka ga ko ya yi kore ko fari-fari. Ka shiga saituna ka tabbata akwai harshen da kake ji, don akwai kyamarorin Sony da aka yi wa kasuwar Japan waɗanda Japananci kaɗai ke cikinsu. Kuma ka tambayi batir na biyu a nan take. Wanda ke cikin tsohuwar kyamara ya riga ya gaji.

Ka ware ɗan canji don jaka mai zif, ɗan famfon hura iska na roba, ƙyallen goge tabarau, da abin karanta memori da ake sokawa a waya, wanda ya fi kowace manhaja saurin kai hoto WhatsApp. Gilashi mai ƙura a fara hure shi kafin a goge, in ba haka ba yashin ne zai karce shi. Kada a goge da bakin riga.

Kyamara mai dogon hanci tana jan ido fiye da waya, kuma mutane na ɗaukar mai ita da wata manufa. Kada ka nuna ta wajen bariki, shingen jami'an tsaro ko filin jirgi. Idan aikin duba turakun sadarwa ko gini ne ya kai ka unguwa, ka riƙe katin shaidar aikinka, ka fara gaida mai unguwa ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Idan ka hau bene ko rufi, ka tuna cikin gidajen maƙwabta a buɗe yake a ƙasanka kuma akwai iyali a ciki, ka sa a yi musu sallama a sanar da su kafin ka hau.