Gidan Mersenne da gidan Fermat: me ya raba su?

Ɗan'uwa, ka ce ka ji lambar firam mafi girma da aka sani 'yar gidan Mersenne ce, kana tambayar me ya raba ta da lambobin Fermat tunda duka daga 2 suka fito. Gaskiya ne, zanensu ɗaya. Firam dai ita ce lambar da ba ta rabuwa cif sai da 1 da ita kanta.

A gidan Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe na ƙarni na 17, ana ninka 2 da kanta sau p, a ɗebe 1: 3, 7, 31, 127. Kafin a sami firam a nan, dole ita ma p ta zama firam, amma hakan bai isa ba. Gwada 11, za ka sami 2047, wato 23 sau 89. A gidan Fermat kuwa, shi ma masanin lissafi Bafaranshe, ƙara 1 ake yi, kuma yawan ninkin shi ma sai ya zama 1, 2, 4, 8, 16, yana ruɓanya. Sai a sami 3, 5, 17, 257, 65537. Lamba 3 ce kaɗai ke cin tuwo a gidajen biyu.

Fermat ya ɗauka duk zuriyar firam ce. A 1732 masanin lissafi Euler ya nuna ta shida, 4,294,967,297, tana rabuwa da 641. Daga nan ba a ƙara samun firam ko ɗaya a gidan ba, har yau biyar ɗin nan ne.

Mersenne kuwa sai haihuwa take yi. An san firam guda 52 a gidan. Ta baya-bayan nan, 2^136,279,841 − 1, Luke Durant ya gano ta a Oktoban 2024 ta shirin GIMPS, inda masu sa-kai ke ba da aron kwamfutocinsu tun 1996. Alƙalumanta 41,024,320. Abin da ya sa kambun ke zama a wannan gida ba wai ya fi albarka ba ne kawai. Akwai gwajin Lucas–Lehmer mai saurin tantance ko lambar Mersenne firam ce, sannan 'yan takara suna da yawa, duk p firam za ka iya gwadawa. Su ma na Fermat suna da gwajin Pépin, sai dai tsawonsu ruɓanya yake a kowane mataki. Wadda ke layi yanzu, wato ta farko da ba a san ko firam ce ba, F33 (ta 34 a jerin), alƙalumanta sun haura biliyan 2.5. Wa zai ɗauki wannan?

Wajen amfani kuwa ni na fi ganin girman Fermat. A 1796 masanin lissafi Gauss ya nuna za a zana siffa mai gefe 17 daidai-wa-daida da rula da kamfas kaɗai, don 17 'yar gidan ce. Ita kuma 65537 tana cikin mafi yawan makullan RSA da ke tsare mu'amala a intanet. Ƙatuwar Mersenne ɗin nan ba ta tsare asusun kowa, kowa ya san ta. Aikinta a lissafi yake: duk firam ta Mersenne tana haifar da cikakkiyar lamba, irin 6 da 28 da 496, wadda in ka tara masu raba ta, ban da ita kanta, sai su ba ka ita.