The Chaser: wai fim ɗin farko kenan

Wallahi in aka ce maka wannan ne dogon fim na farko da Na Hong-jin, daraktan Koriya ta Kudu, ya ba da umarni, a 2008, sai ka ƙaryata. Tun da wuri aka kama makashin, ya amsa laifinsa da bakinsa gaban 'yan sanda, amma ba gawa ba hujja, lokacin tsare shi kuma yana ƙarewa, nan fa hankali ke tashi. Ha Jung-woo, wanda ya fito a makashin, magana yake a sanyaye kamar ba shi ya yi ba, abin tsoron kenan. Kim Yoon-seok kuwa, wanda ya fito a tsohon ɗan sanda da ya koma kawali, mai farautar makashin, gudu yake a lungunan Seoul yana haki yana tuntuɓe, ba wata burga. Jinin dai ya yi yawa gaskiya, musamman wajen da makashin ke amfani da guduma. Kar a kalla da yara.