Gidan gyaran jikin da amaren Maraɗi ke rububi: dilkarsu babu wasa, ɗakin baya ne matsalar

In dilka da halawa da lalle kike nema, gidan gyaran jikin nan da amare ke ta rububi yanzu a Maraɗi sun iya aiki, wannan kam ba zan ɓoye ba. Sunan wurin ne kawai ba zan kama ba, don rabin abin da zan faɗa ba yabo ba ne, kuma ba su kaɗai ke yin sa a garin nan ba balle a ce su na sa wa ido.

Wuri tsaf, tawul wankakke ake ba ki ba wanda wata ta gama goge jiki da shi ba, akwai kilim, in wuta ta ɗauke suna tada grup nan take. Randebu ta WhatsApp ake yi kuma suna riƙe lokaci, abin da ba kasafai ake samu ba a wajen masu gyara, wasu sai ki wuni zaune kina jiran layi har la'asar. Mai dilkar babarbariya ce, hannunta akwai ƙarhi amma ba ta gurje miki fata, halawar kuma a gabanki ake dafa ta, sukari da lemun tsami da ruwa, babu wani haɗin ɓoye. Turaren tsugunonsu yana kama jiki sosai, kwana biyu kina jin sa a zane. Gyaran amarya na sati jika 60, na kwana uku jika 30, lalle daban ake biya. Da tsada in an gwada da matan unguwa masu zuwa gida, amma kuɗin ya ci aikinsa. Baƙin lallensu ne ban yarda da shi ba, yana warin rinin gashi, in fatarki mai saurin kumburi ce ki ce a ɗiga miki kaɗan a hannu ki kwana da shi tukuna.

To sai ɗakin baya. Akwai labule bayan wurin wankin kai, nan ne ake abin da ba a rubuta a allon farashi ba. Allurar cika leɓe, allurar ƙarin mazaunai, ƙarin ruwa na hasken fata, sirop da ƙwayoyin ƙiba, kuma in kuɗinki ya kai Hajiyar wurin za ta buɗe miki waya ta nuna miki hotunan "kamin" da "bayan", ta ce tana da likita a Legas da wani a Turkiyya, ita za ta haɗa ki da su har masauki. Babbar mace mai hankalinta in ta ga dama ta kai kanta, ruwanta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda na ga suna ɗaga labulen nan. Yara ne wallahi, wata ma da hijabin lakwal ɗinta, in ta yi yawa ƴar turaziyem ce mai shirin BEPC, ta riƙe waya tana nuna hoton wata ƴar TikTok tana cewa irin wannan bakin take so. Babu wanda ya tambaye ta shekarunta, babu wanda ya ce ina uwarki.

Na kasa haƙuri na ce Hajiya wagga yarinya fa, shekarunta nawa? Ta yi dariya ta ce "Tanti ai amarya ce, bayan salla za a ɗaura, innarta ma ce ta aiko da kuɗin." Amsar nan ita ce duk matsalar tamu a nan. A wajenmu da an sa wa yarinya rana shi ke nan ta zama babba a idon kowa, alhali alƙaluman UNICEF sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kamin shekara 18, kuma kowa ya san Maraɗi tana gaba-gaba a wannan. Ke nan yawancin amaren da ke shiga irin wuraren nan yara ne da jikinsu bai gama tsayawa ba. Sa rana ba ya ƙara wa ƙashi ko hanta shekaru. Kuma yardar inna, ita ma innar mi aka gaya mata? An ce mata gyara ne, ta ɗauka irin su dilka da tsimi ne.

Su taurarin da ake kwaikwayo, da bakinsu sun faɗi yadda ta kaya. Kylie Jenner ta Amurka, wadda leɓenta ya haukatar da duniya, ta amsa a 2015 cewa allura ce aka yi mata tana ƴar shekara 17, daga baya a 2023 ta ce an yi mata aikin ƙirji tana da 19 kuma ta yi nadama, har ta ce zuciyarta za ta karye in ɗiyarta ta yi haka a wannan shekarun. Bella Hadid, mai tallan kayan sawa wadda babanta Bafalasɗine ne, ta gaya wa mujallar Vogue a 2022 cewa an yi mata tiyatar hanci tana da shekara 14, ta ce da ma ta bar hancin kakanninta. Waɗannan fa masu kuɗi ne da manyan likitoci suka yi wa aiki a asibiti, aikin ya yi kyau ma, duk da haka suka dawo suna da na sani. Ina ga ɗiyar talaka da za a caka wa allura a bayan labule, kwalbar ma babu rubutun da za ki iya karantawa?

Na tambayi mai allurar ko infirmiye ce, ta ce ta yi "formasiyo" a Kano. Diplom babu a bango, kuma da na ce in abin cika leɓen ya shiga jijiyar jini mi za ku yi, sai ta ce in sha Allahu bai taɓa faruwa ba. Abin yana faruwa ko a hannun ƙwararru. In ya toshe jijiya naman wurin yana mutuwa, in a kusa da hanci ne yana iya kai wa ga makanta, kuma maganin narkar da shi, hyaluronidase, dole ya kasance a ajiye a ɗakin kamin a fara. Ba su ma san sunansa ba. Don irin haka ne Ingila ta hana yi wa duk wanda bai kai 18 ba allurar Botox mai kwantar da yamutsin fata da ta cika huska don kwalliya tun Oktoba 2021, ko da iyaye sun yarda. Faransa kuma a Yuni 2023 ta yi dokar da ta hana masu tasiri a intanet tallata tiyatar kwalliya. A Amurka ma robar ƙirji ta silikon sai mace ta kai 22 hukumar kula da magunguna ta FDA ta amince a sa mata don ƙari.

Maganar tahiya waje kuwa, tiyatar ƙarin mazaunai da ake ce wa BBL, wadda ake zuƙo kitsen ciki a zuba a baya, tana cikin mahi haɗari, wani binciken likitocin fannin na 2017 ya ƙiyasta mutuwar mace 1 cikin kusan 3,500, saboda kitsen kan shiga jijiya ya tahi ya toshe huhu. Manya cikinmu ba su manta da Stella Obasanjo ba, matar shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a Sipaniya a Oktoba 2005 bayan aikin rage kitse. Hajiya ba ta kawo wannan in tana nuna hotuna, kuma ban tsammanin kyauta take haɗa mutane da likitocin ba.

Amma gaskiya abin da ya hi ba ni tsoro ba tiyata ba ce, don yara nawa ne ke da kuɗin jirgi? Ƙwayoyin nan ne masu araha da ake ƙullawa a leda, sha ka fashe. Na duba fakitin da aka ɓare, dexamethasone ne, maganin da likita ke rubutawa don ciwo na musamman kuma a ƙayyade. Ƙibar da yake kawowa kumburi ce, huska ta yi zagaye, ciki ya hito, ƙafahu su tsuke, ga tansiyo ga ciwon suga ga ƙashi ya yi rauni, a jikin yaro kuma yana tsai da girma. Wadda ta daɗe tana sha in ta bari lokaci ɗaya nan ma wani haɗarin ne, sai likita ya riƙa rage mata a hankali. Don Allah in kin kama ɗiyarki da shi kar ki ƙwace ki zubar kawai, ki kai ta asibiti da fakitin.

Kar a ce ina ƙin tiyatar gyara gaba ɗaya. Yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe, ko wanda cutar noma ta cinye wa kumatu, ko wadda ta ƙone, waɗannan tun suna ƙanana ya kamata a yi musu, asibitin CURE a Yamai yana aikin leɓe, Sentinelles kuma sun daɗe suna kula da yaran noma a Damagaram. Malamai ma suna kawo hadisin Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinari. Gyaran abin da ya lalace daban, taɓa lahiyayyen leɓen ƴar shekara 15 don ya yi kama da na wata a waya daban.

Dilka da halawa da turare na ba su 4 cikin 5, ɗayan na cire ne saboda baƙin lallen. Ɗakin baya ko ɗaya ban ba shi ba. In za ki kai amarya ki raka ta da kanki ko ki haɗa ta da gwaggonta mai ido, ki faɗa wa Hajiya tun a ƙofa cewa babu allura babu abin sha, kuma ki duba ledar da za a ba ta ta tahi da ita gida don a nan ake cusa sirop ɗin a matsayin kyauta. Ki karɓi resi, kuma ranar Litinin ko Talata da sahe ya hi sauƙin samun wuri, daga Alhamis amaren ƙarshen sati sun cika gidan.