Tallan da ke ɓullo maka a allon kwamfuta: wanne maganin za ka ɗauka?

Kafin ka sauke wata manhaja ko ka biya ko sisi, ka fara gane daga ina tallan nan yake fitowa, domin ba duka ne asalinsu ɗaya ba. Akwai wanda shafin da ka shiga ne ke buɗo maka shi, akwai wanda ke leƙowa ta kusurwar allo ta ƙasa ko da ba ka kan shafin, akwai kuma wanda wata muguwar manhaja ce ta riga ta zauna cikin kwamfutar take ta turo shi. Na kusurwar nan shi ya fi yawa a kwamfutar gida, kuma ba bairos ba ne, wani ne a gidan ya danna Allow lokacin da wani shafi ya nemi izinin turo sanarwa, wani lokacin ma yaudara ake yi a ce ka danna don a tabbatar kai mutum ne. Maganinsa kyauta ne, a Chrome ka shiga Settings, sai Privacy and security, sai Site settings, sai Notifications, ka goge duk shafin da ba ka san shi ba. Edge da Firefox ma suna da irin wannan wurin.

To mu zo kan masu toshe talla. Ni dai uBlock Origin ne nawa, ba zan ɓoye ba. Wani mai suna Raymond Hill ne ya fito da shi a 2014, kyauta ne, lambobin da aka gina shi da su a fili suke kowa zai iya dubawa, kuma mutumin ko gudummawar kuɗi ba ya karɓa, ka ga ke nan babu kamfanin tallan da zai saye shi ya ce a bar nasa ya wuce. Ba ya da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa ba ta cijewa, kuma ba tagogin da ke buɗe kansu kaɗai yake tarewa ba, har maɓallan Download na ƙarya da ake jerawa kusa da na gaskiya yawanci yana share su, wanda wallahi su ne ke jefa yara da dattawa cikin matsala. Idan ya hana wani shafin da kake buƙata aiki, kamar na banki, ka danna alamarsa ka kashe shi a wannan shafin kawai, sauran wurare yana ci gaba da aikinsa. Sai dai fa tun 2024 Google ta fara tilasta sabuwar dokar ƙananan manhajojin da ake liƙa wa Chrome, abin da suke kira Manifest V3, cikakken uBlock Origin ya daina aiki a can, abin da ya rage shi ne uBlock Origin Lite. Lite ɗin ba laifi, yana rage da yawa, amma bai kai babban ba, shi ya sa nake cewa a sa Firefox a kwamfutar gida a liƙa masa cikakken a huta.

Sauran? Adblock Plus tun 2011 yake barin wasu tallace-tallacen da ya kira masu karɓuwa su wuce, manyan kamfanoni na biya don shiga jerin, ana iya kashe wannan a setin amma ni abin bai kwanta min ba. Brave burauza ce da ta zo da matoshinta a ciki, ta dace da wanda ba ya son taɓe-taɓe. AdGuard na kwamfuta yana aiki amma na kuɗi ne. Matoshin da ke zuwa da burauza kuwa ka bar shi a kunne, sai dai shi kaɗai ba ya isa.

Inda nake so a buɗe ido sosai shi ne jabu. A kwamfutar gidanmu an taɓa sauke wani wai mai tsaftace kwamfuta, washegari shafin farko na burauza ya canja, wurin bincike ya koma wani da ba mu taɓa jin sunansa ba, ko'ina ka danna sai sabon shafi ya buɗe, shi kuma yana ta nuna jan rubutu wai ya gano ɗaruruwan matsaloli a biya ya gyara. Tun daga nan duk manhajar da ta fara da tsorata ni ba na ko kallonta. Kuma kar ka ce ai daga shagon burauza ka ɗauko, a 2018 masu AdGuard sun bankaɗo matosan talla na bogi guda 5 a shagon Chrome waɗanda mutum sama da miliyan 20 suka sauke. Ko suna ma ana wasa da shi, uBlock daban uBlock Origin daban, shafin ublock.org ba na Raymond Hill ba ne, don haka ka duba sunan wanda ya yi manhajar kafin ka danna komai.

Mafi muni shi ne tallan da zai cika allo da ƙara, da tambarin Microsoft, ya ce an kulle kwamfutarka ka kira wannan lambar yanzu-yanzu. Ƙarya ce tsagwaronta, saƙon gargaɗin Microsoft na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya. Kana kira za su ce ka sa wata manhaja su gyara maka daga nesa, daga nan sun shiga komai naka har asusun banki. Kar ka danna komai a cikin tagar, ko alamar rufewar da suka zana, ka danna Alt da F4 tare, in ya ƙi ka danna Ctrl da Shift da Esc ka kashe burauzar daga Task Manager, wato tagar da za ta fito da jerin manhajojin da ke aiki, in ta sake buɗewa ta tambaye ka ko ta dawo da shafukan baya ka ce a'a.

Idan kuma muguwar manhajar ta riga ta shiga, matoshin talla ba zai fitar da ita ba. Ka sauke AdwCleaner daga shafin Malwarebytes na ainihi, kyauta ne, ka bar shi ya bincika ya goge, sannan ka duba jerin abubuwan da ke liƙe a burauza ka cire duk wanda ba kai ka sa ba, in abin bai lafa ba ka mayar da setin burauzar yadda ya zo tun farko.