Gargaɗi ga masu neman motar shiga daji ta hannu: algus ɗin yana ƙarƙashin motar

Jama'a, akwai wata damfara da ake yi wa masu neman mota mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda ake shiga rairayi, laka da duwatsu da ita. Ana sayo motar da ta sha wuya, wata ta nutse a ruwa, wata shasinta ya lanƙwashe, wata giyarta ta ƙafa huɗu ta mutu. A wanke ta fes, a fesa wa ƙasanta baƙin fenti, a rage kilomita, sannan a sa talla a intanet a ce ba ta taɓa sauka daga kwalta ba. Mai saye ya zagaya ya ga bodi na sheƙi, kujeru tsaf, sai ya biya. Bayan makonni kaɗan gyara ya fara cin kuɗin da ya kusa kai na motar.

Tun kafin ka ga motar ake fara kafa tarko. Farashi ya yi ƙasa da na kasuwa sosai, mai tallar ya ce ya yi tafiya, ko motar na wani gari, kuma masu so sun yi yawa, don haka ka tura kafin alƙalami a ajiye maka. Kada ka tura ko sisi a kan motar da ba ka taɓa da hannunka ba. Sau da yawa hotunan ma na wata talla ce aka ɗauko. Ka ce ya turo maka bidiyo yana nuna lambar shasi tare da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar. Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan.

In an sa ranar gani, ka kafa sharaɗi uku: da rana tsaka, injin a sanyaye, kuma a wurin da za a iya shiga ƙarƙashin motar, ko kan ramin gareji ko kan na'urar ɗaga mota. Ka tafi da makaniken da kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba, da tocila, da ƙaramar guduma, da mayen ƙarfe. Wanda ya ƙi ko ɗaya daga cikin ukun nan, akwai abin da yake ɓoyewa.

Fara da lambar shasi. A yawancin motocin da aka ƙera daga 1981 zuwa yau, lambar tana da haruffa da lambobi 17, kuma babu I, O ko Q a ciki. Ana samunta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofa, sannan a irin waɗannan motoci masu shasi daban da bodi galibi an buga ta a jikin ƙarfen shasin kansa. Dole duka su zo ɗaya da abin da ke takarda. Ka shafa wurin da aka buga ta. In ka ji alamar gogewa, ko walda a kewaye, ko haruffan ba su daidaita a layi ba, ka bar motar nan take, domin haka ake sauya wa motar sata suna. Sunan da ke takarda ma ya zo ɗaya da katin shaidar mai sayarwa, kuma ka bincika ko akwai bashi a kanta.

Sai ka shiga ƙasa, kuma a nan ya kamata ka daɗe. Tsohuwar mota mai ƙasa baƙi ƙirin, sabon fenti har yana wari, abin tsoro ce. Wannan fentin mai kauri yana rufe tsatsa da walda. Bi shasin daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasa shi da guduma a hankali: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda tsatsa ta cinye kuwa yana yin ƙara a dushe, wani lokaci ɓawon tsatsa ya zubo. Ka fi mai da hankali inda sifirin da shokozoba suke kama shasi, da ƙarafan da suka gitta tsakanin ɓangarorin biyu, da bayan tayoyin baya inda laka ke taruwa. Zura yatsa cikin ramukan shasin. Ana iya wanke waje, amma busasshiyar laka da yashin da suka cika cikin ƙarfen ba sa fita da sauƙi, kuma su ne ke riƙe danshi har shasin ya ruɓe daga ciki. Auna tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da ta baya a dama da hagu, sitiyari a miƙe. In bambancin ya fito fili, motar ta taɓa cin karo ko ta faɗa rami da ƙarfi.

Kana nan ƙasa, ƙirga farfela, wato dogon ƙarfe mai juyawa da ke kai ƙarfin injin zuwa aksul, inda tayoyi suke. Mota mai ja da ƙafa huɗu tana da biyu: ɗaya ta tafi aksul ɗin baya, ɗaya ta tafi na gaba, dukansu daga akwatin raba ƙarfi da ke bayan giyabos. Wannan shi ne mafi munin algus ɗin da ake yi: in aksul ɗin gaba ko akwatin ya lalace yana ƙara, sai a kwance farfelar gaba gaba ɗaya a ajiye. Motar za ta yi tafiya shiru a kan kwalta, fitilar ƙafa huɗu ma za ta iya kamawa a dashbod in ka sa, amma tayoyin baya kaɗai ke ja. Ranar da ka shiga rairayi za ka gane. In farfelar tana nan, kama ta ka jijjiga. Kada ta yi wasa a kuros, wato gaɓar da ke ƙarshenta, kada ka ga jan garin tsatsa na fita daga wurin.

Ka sa makanike ya kwance notin zuba mai na aksul ɗin gaba, da na baya, da na akwatin raba ƙarfi, ya tsoma yatsa. Man ya kamata ya kai bakin ramin. In ya fito fari-fari kamar an dama shi da madara, ruwa ya shiga. Yadda abin ke faruwa shi ne, aksul mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa tana tsukewa, sai ya zuƙo ruwa ta bututun numfashinsa ko ta robar bakinsa, ruwan kuma ya cinye boris da haƙoran giya a hankali. In ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a man, cin ya riga ya yi nisa. Duba robobin shaf na gaba: in ɗaya ta yage, giris ya watsu a kewaye, yashi ya shiga, kuma za ka ji ƙas-ƙas in ka karya sitiyari har ƙarshe kana tafiya.

Motar da ta nutse tana barin shaida a inda mai wanki ba ya kaiwa. Ɗaga kafet, duba ƙarafan da kujera ke gudu a kai, ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai layin datti, haska ƙarƙashin dashbod ka nemi tsatsa da koren tabo a bakin wayoyi. Turare mai yawa a cikin mota shi ma ka tambayi dalilinsa. Matsalar wuta ta motar ruwa ba ta ƙarewa.

Kafin a tayar da injin, ɗora hannu a kansa ka tabbatar a sanyaye yake, domin ana ɗumama shi ne don a ɓoye wahalar tashi, ƙarar ƙarfe da hayaƙi. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba: fitilun gargaɗi na injin, mai, birki da jakar iska su kama duka, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, wataƙila an cire ta ne ko an toshe. Tsaya bayan salansa. Shuɗin hayaƙi na nufin injin na ƙona baƙin mai. Farin da bai daina ba bayan injin ya ɗumama, ruwan lagireto ne ke shiga, galibi gasket ya ƙone. Buɗe akwatin matatar iska ka shafa cikin bututun da ya wuce matatar zuwa injin. Wurin ya kamata ya kasance tas. In yatsanka ya fito da ƙura, injin ya daɗe yana shaƙar ta, kuma ƙura tana cin zoben fistin. Haska tsakanin haƙoran lagireto ma, laka na toshe shi ta yadda motar ba za ta yi zafi ba sai tana hawan tudu da kaya.

Kilomita kuwa, kada ka yarda da abin da mita ta nuna ita kaɗai. Gwada shi da yadda robar birki da kuloci suka suɗe, da santsin sitiyari, da lotsawar kujerar direba, da takardun sabis. A jona na'urar bincike a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. In ba ta nuna laifi ko ɗaya ba amma ta ce gwaje-gwajen injin ba su kammala ba, akwai yiwuwar an goge laifukan ne dab da zuwanka. Mayen ƙarfe zai nuna maka inda aka cika fila, wato abin cike lotsawa, a bodi, don ba ya kamawa sosai a wurin, sai dai ba ya aiki a bodin alminiyom irin na tsohuwar Land Rover Defender. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin taya suna faɗin shekarunsu: 2319 na nufin mako na 23 na 2019.

Gwajin tuƙi kada ya tsaya a kwalta. Nemi wuri mai tsakuwa ko rairayi, sa 4H, wato giyar ƙafa huɗu ta gudu, makanike ya tsaya gefe ya ga tayoyin gaba suna haƙa ƙasa in ka taka. Sannan ka tsaya cak, sa giya a firi, shiga 4L, wato giyar ƙafa huɗu ta ƙarfi. Motar ta riƙa rarrafe da ƙarfi injin na ɗagawa, giyar kada ta fita da kanta, kada ka ji ƙarar niƙa. In akwai makullin aksul, wato abin da ke sa tayar dama da ta hagu su juya tare, gwada shi ma, fitilarsa ta tsaya da kamawa ba ta riƙa ƙiftawa ba. Mai sayarwa zai iya cewa sa ƙafa huɗu na lalata mota. A busasshiyar kwalta ne yake wahalar da wasu motocin, a ƙasa mai laushi kuwa aikin da aka ƙera ta dominsa ke nan.

In komai ya yi daidai, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi, lambar injin, kilomita da cikakken sunan mai sayarwa, a sa hannu gaban shaidu. Kuɗin kuma ya shiga asusun wanda sunansa ke kan takardun motar, ba na ɗan'uwansa ko na dillali ba, kuma sai takardun asali da makullai suna hannunka.