Asibitin fatar da muka kai Kawu: likitan ya iya aiki, sakamako ne ya sha mana kai

Kawuna zabiya ne, shekararsa 64, kuma fiye da rabinsu a kasuwar hatsi ya yi su, rana na dukansa. Bayan babbar sallah wani ɗan ƙurji ya fito masa a bayan hannun dama. Muka ce maruru ne, mai kemis ɗin unguwa ya ba shi kafso da man shafawa. Kafin sati shida abin ya kai girman ɗan goro, ya yi tudu sumul, ga rami a tsakiyarsa cike da ɓawo mai tauri kamar ƙaho. Bai cika yi masa zafi ba. Saurin girmansa ne ya hana ni barci.

Wata maƙwabciya ta yi mana kwatancen wani asibitin kuɗi a nan Kano. Mun isa ƙarfe takwas, sai bayan azahar aka kira mu, ga shi kujerun jira a baranda suke, rana na shigowa. A asibitin fata fa! Da kaina na ja wa Kawu kujera zuwa inuwa.

Amma da muka shiga sai na huce. Likitan ya riƙe hannun, ya haska shi da wata 'yar fitila mai gilashin ƙara girma, ya auna: santimita biyu saura kaɗan. Bai tsaya nan ba, ya duba wuya da kunnuwa da leɓe, ya lalubi hammata ko akwai kaluluwa. Ya ce ya fi zaton keratoakantoma ce, ƙari mai saurin tasowa a wuraren da rana ke duka, galibi ga dattawa masu hasken fata. Wani lokaci yakan motse da kansa cikin 'yan watanni, ya bar tabo.

Kawu ya ce, "To likita, mu bar shi mana ya tafi da kansa."

"Baba, da ido ba a rarrabe shi da wata sankarar fata da zabiya suka fi kowa kamuwa da ita. Ko a na'urar gwaji wani sa'in sai an yi da gaske. Ba zan yi caca da hannunka ba."

Wannan maganar ce ta sa na yarda da shi. Kashegari aka yi allurar kashe zafi, aka yanke shi duka har da ɗan gefen lafiyayyar fata, aka ɗinke, duk cikin abin da bai kai awa guda ba. Bayan sati biyu aka cire zare.

Inda suka ɓata rawarsu da tsalle shi ne gwajin tsokar da aka yanke. Ba wanda ya gaya mana kuɗinsa daban ne sai a gaban mai karɓar kuɗi. An ce mu dawo bayan sati biyu, muka yi sati biyar muna zarya, lambar wayarsu kuwa ba a ɗauka. Duk wanda ya taɓa jiran takardar da za ta ce daji ne ko ba daji ba ya san tsawon sati biyar.

Sakamako ya tabbatar da zaton likita, kuma an cire shi tas. Zan sake kai Kawu can bayan wata shida kamar yadda aka ce, sai dai wannan karon zan tambayi jimlar kuɗi tun a ƙofa. Man kariya daga rana da aka rubuta masa sai an yi faɗa yake shafawa, amma malfa da riga mai dogon hannu ya karɓe su.