Karatun Optometri: Gida Ko Waje, Ina Za Ka Yi Aiki?

Kafin ka cike fom ɗin kowace makaranta, ka san abin da za ka saya da shekarunka. Mai digirin optometri yana auna ƙarfin gani, ya rubuta tabarau, ya gano cututtuka irin su hawan jinin ido da yanar ido. Amma cire yanar ido da sauran tiyata aikin likitan da ya gama MBBS, wato digirin likitanci, ne, sannan ya ƙware a fannin ido. Na taɓa ganin ɗalibar da sai a aji uku ta gane wannan bambanci, kuma har yau abin yana taɓa min zuciya.

A Najeriya karatun shekara shida ne, ana fita da digirin OD, wato Doctor of Optometry. Ana shiga ta JAMB da Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, tare da kiredit biyar har da Lissafi. Jami'ar Benin ce ta buɗe hanya tun shekarun 1970. Akwai kuma Jami'ar Jihar Abiya da ke Uturu, da ta Jihar Imo, daga baya Ilorin da Bayero ta Kano suka shigo. Bayan kammalawa sai shekara guda ta sanin makamar aiki, kuma lasisi yana hannun ODORBN, hukumar rajistar masu wannan sana'a da aka kafa a 1989. Don Allah ka tabbatar hukumar nan da NUC mai kula da jami'o'i sun amince da kwas ɗin a makarantar da ka zaɓa, kada ka tsaya ga abin da ke rubuce a talla. Gana ma tsarinta kusan haka yake, shekara shida a KNUST ta Kumasi ko Jami'ar Cape Coast.

Amurka kuwa doguwar tafiya ce. Ba a shiga daga sakandare. Yawanci sai ka yi digirin farko mai darussan kimiyya, ka zauna jarrabawar shiga ta OAT, ka nema ta shafin neman gurbi na OptomCAS, sannan ka yi shekara huɗu. Ka ga an doshi shekara takwas ke nan, ga jarrabawar neman lasisi ta NBEO a gaba, kuma kowace jiha da lasisinta. Ɗalibin da ya zo daga waje ba ya samun rancen karatu na gwamnatin tarayya, don haka nauyin yana wuyan iyaye. Kanada makarantu biyu gare ta, Waterloo da Turanci, Montiriyal da Faransanci, gurbi kuwa kamar ruwa a hamada.

Birtaniya ta fi gajarta. Ana shiga bayan A-level, jarrabawar ƙarshen sakandare a can, kuma hukumar GOC ce ke kula da sana'ar. A da shekara uku ake yi sannan shekarar horo, amma daga 2023 jami'o'i suka fara komawa digirin shekara huɗu da ya haɗa horon a ciki. Indiya ma shekara huɗu aka saba yi, ta ƙarshe a asibiti.

A nan ne nake son ka natsu. Digiri daban, lasisi daban, kuma lasisi ba ya tsallake iyaka da kansa. Mai OD na Najeriya ba zai sauka Amurka ya buɗe asibiti ba, sai ya bi ta wani shiri kamar wanda New England College of Optometry da ke Boston ke yi wa waɗanda suka yi karatu a waje. A Birtaniya GOC za ta tantance takardunsa tukuna. Haka wanda ya dawo gida da digirin shekara huɗu, dole hukumar gida ta duba shi. Ka rubuta wa hukumar ƙasar da kake son yin aiki tun kafin ka biya ko sisi, ka ajiye amsarta a rubuce.

Ni a ganina, wanda zai yi aiki a gida ya yi digirin farko a gida, in ya so ya fita neman digiri na biyu. Dalilina marasa lafiya ne. Hannu ba ya faɗawa sai a ɗakin nan mai duhu, kana haska ƙwayar idon dattijo, kana sauya gilashi ɗaya bayan ɗaya, har ya ce maka, "Yauwa ɗana, yanzu na ga layin ƙasa." Cututtukan da za ka tarar bayan ka gama, su ne ya kamata ka koya a kansu.

Sai dai makarantun gida ma ba ɗaya suke ba. Ka je da ƙafarka ka ga asibitin koyarwar. Ka ƙirga na'urorin duba ido da ke aiki, ka tambayi 'yan ajin ƙarshe ɗalibai nawa ke layi a kan na'ura guda, da marasa lafiya nawa kowannensu ya duba da hannunsa a makon jiya.